Bishop na zuwa: yadda ake shirin karɓar Ƙarfafawa

Duk shekara labarin ɗaya ne. Fada zai tsaya lokacin sanarwa ranar Lahadi ya ce bishop zai kawo mana ziyara wata kaza, duk mai son karɓar sakramentin Ƙarfafawa, wato konfameshan, ya je ya ba katikis sunansa, sai coci ta yi tsit kamar ba da kowa ake ba. Sai ana saura sati biyu ka ga ƙofar gidana, ni katikis, ta cika, wannan ta riƙo hannun ɗanta, wancan ya zo da katin baftisma da gara ta ci rabi, ga wani saurayi can gefe yana sosa ƙeya, an sa masa ranar aure sai yanzu ya tuna bai taɓa yin konfameshan ba. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutum ɗai-ɗai, shi ya sa na ce bari in rubuta ta gaba ɗaya, wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba.

Bari in fara da gyara wani abu da nake ji a bakin yara 'yan boko. Wai ranar ce kai za ka je ka tabbatar wa Allah ka yarda da baftismar da aka yi maka kana jariri, kamar mai sa hannu a takarda. E akwai wannan a ciki tunda za ka sabunta alkawuran baftisma da bakinka, amma ba shi ne gundarin ba. Sunan da muke kiransa da Hausa ma ya fi fito da abin in ka tambaye ni, Ƙarfafawa, wato Allah ne ke ƙarfafa ka, kai karɓa kake yi. Da a ce batun ka girma ka yanke shawara ne kawai, ai da jarirai ba su samu ba, alhali a Ikklisiyoyin Gabas, irin Kibɗawan Masar da mutanen Habasha da Girka, jariri ana gama yi masa baftisma a take firist zai shafa masa keɓaɓɓen man Ƙarfafawa, kuma Roma ta yarda sakramenti ne cikakke.

To mu me ya sa muke jiran bishop? Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 8. Filibus ya je Samariya ya yi wa'azi, mutane suka ba da gaskiya aka yi musu baftisma, amma sai da Bitrus da Yohanna suka taso daga Urushalima suka ɗora musu hannu sannan suka karɓi Ruhu Mai Tsarki. A sura 19 ma Bulus ya yi haka a Afisa ga mutum kamar goma sha biyu. Bishop magajin manzanni ne. A farkon zamani shi ke yin komai a dare ɗaya, baftisma da shafa mai da Yukarist, da Ikklisiya ta yaɗu ta shiga ƙauyuka mutum ɗaya ba zai iya zama ko'ina ba, sai a Ikklisiyar Yamma, wato tamu ta Roma, aka bar wa firistoci baftisma aka ajiye ɗora hannun sai bishop ya zo. Duk wanda ya tashi a cocin ƙauye ya san wannan jiran sarai, wani farish ɗin shekara guda ne, wani sai an yi biyu kafin motar bishop ta biyo ta hanyar.

Katin baftisma, tun yau

Wannan shi ne abin da ya fi kayar da mutane, ba jarrabawar katekizim ba. Ba a ƙarfafa wanda ba a yi wa baftisma ba, kuma Fada ba zai ɗauki "ai kowa ya sani" a matsayin shaida ba. Don haka yau ɗin nan, ba gobe ba, ka je ka tambayi mama ina katin yake. Yawanci yana cikin tsohon Littafi Mai Tsarki ko ƙasan akwatin zannuwa tare da katin awo.

In ya ɓace kada hankalinka ya tashi, katin kwafi ne kawai, asalin yana cikin babban littafin rajista a farish ɗin da aka yi maka baftisma. Can za ka je, ko ka aika wani, su duba su rubuta maka sabo su buga hatimi. Amma ga inda ake shan wahala. In a ƙaramar cocin ƙauye aka yi maka, rajistar ba ta nan, tana farish ɗin da ke riƙe da ƙauyen a wancan lokacin, ba lallai wanda ke riƙe da shi yanzu ba, domin ana ta yanka sababbin farish daga tsofaffi kuma tsohon littafin yakan zauna a uwar gida. Haka ma dayosis, kun ga an cire Katsina daga Sakkwato a 2023 aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, to wanda aka yi wa baftisma a yankin Malumfashi a shekarun 1990 katinsa zai nuna tsohon dayosis, wannan ba matsala ba ce ko kaɗan, littafin dai yana inda aka rubuta shi.

Ka tafi da shekarar da kake zato, da sunan baba da mama, da sunan wanda ya tsaya maka, in ka tuna da sunan Fadan da ke wurin a lokacin ya fi sauƙi. Kuma ka tafi da duk sunayenka. Mun taɓa kwana biyu muna neman wata yarinya a rajista da sunan da take amfani da shi a makaranta, a gida Talatu ake ce mata, ashe a littafin wani suna na uku ne kakarta ta bayar ranar baftisma wanda ita kanta ba ta taɓa ji ba, kuma sunan kakanta aka sa a gurbin sunan uba.

In kuwa littafin kansa ya salwanta, gobara ce ko ruwa ko rikici, dokar Ikklisiya ta yi tanadi. Shaidar mutum ɗaya amintacce da ya ga an yi baftismar ta isa, in kuma kana babba aka yi maka to rantsuwarka ma ta isa. Fada ne zai karɓi shaidar ya rubuta.

Waɗanda suka shigo Katolika daga wata ikklisiya, ECWA ce ko COCIN ko Anglika ko Baptis, ku kawo takardar baftismarku ta can. In da ruwa aka yi kuma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba a sakewa. Ku taku hanyar ma daban ce, bayan kun gama aji Fadan da zai karɓe ku cikin Ikklisiya shi ke da ikon ƙarfafa ku a wannan Mas ɗin, ba sai kun jira bishop ba. Haka manya da ba a taɓa yi musu baftisma ba, su a daren Ista ake ba su duka ukun a jere kamar yadda ake yi a da can.

Shekaru nawa

Dokar Ikklisiya ta 1983, lamba 891, ta ce lokacin da yaro ya yi wayo, wato wajen shekara 7, sai dai in taron bishop-bishop na ƙasar ya tsayar da wani lokaci. Shi ya sa za ka ga bambanci, a Amurka ma tsakanin shekara 7 ne zuwa wajen 16, kowane bishop da nasa. Abin da aka sanar a farish ɗinku shi za ku bi, kada ki zo ki ce min ai a garin yayarki an karɓi ɗan firamare. Galibi dai a wurinmu sai yaro ya riga ya fara karɓar Yukarist. Wannan jerin ya kafu ne bayan Fafaroma Pius na 10 ya sauko da komuniyan na farko zuwa wajen shekara 7 a 1910, sai Ƙarfafawa ta koma ta ƙarshe.

Ta sama kuwa babu iyaka. Na ga tsohuwa mai jikoki ta durƙusa a layi ɗaya da jikanta, kuma ta fi shi amsa tambaya. In kunya ce ke hana ka zama a benci da yara, gaya wa katikis, ana ware wa manya nasu lokacin.

Masu shirin aure, doka lamba 1065 cewa ta yi a karɓa kafin aure in zai yiwu ba tare da wahala mai tsanani ba. Ma'ana rashinsa ba ya ɓata aure, amma ba dalili ba ne na zama haka har tsufa. Wanda kuma yake zaune da mata ko miji ba a ɗaura a coci ba, ko gidan da akwai mata fiye da ɗaya, wannan ba maganar bakin ƙofar katikis ba ce, ka je ka ga Fada kai kaɗai tun da wuri domin sai an warware wannan kafin a zo kan sauran, kuma warwarewar ba ta sati biyu ba ce.

Aji

Ka zo aji. Na san akwai gona, akwai lesin, akwai kasuwa, amma ana kiran suna kuma wanda ya cika fashi ana cire shi. Iyaye ku ma, ba tura yaro za ku yi ku juya baya ba, ku riƙa tambayarsa me aka koya yau.

Abubuwan da ba makawa sai ka iya: alamar gicciye yadda ya kamata ba kamar mai korar ƙuda ba, Ubanmu, A gaishe ki Maryamu, Na ba da gaskiya, addu'ar tuba, dokoki goma, sakramenti bakwai, da baye-baye bakwai na Ruhu Mai Tsarki. Da Hausa ko da Turanci ko da yarenku, wanda dai kake addu'a da shi a gida. Ni na fi son yaro ya faɗa min da Hausar da yake ganewa a kan ya rero min Turancin da bai san kansa ba. Wasu bishop suna yin tambaya a tsakiyar wa'azi, su sauko da makirfo su nuna mutum, kuma ba hadda suke nema ba, so suke su ji ko ka san me ya kawo ka.

Baye-bayen nan bakwai daga Ishaya sura 11 suka fito: hikima, fahimi, shawara, ƙarfin hali, sani, ibada, tsoron Allah. Kullum sai an sami mai ƙwaƙwalwa a aji ya buɗe Littafinsa ya ƙirga ya ce malam ai shida ne. Gaskiyarsa, a Ibrananci tsoron Ubangiji ne aka ambata sau biyu, tsohuwar fassarar Girkanci da ta Latin ne suka sa ibada a gurbi ɗaya, daga nan bakwai ɗin ya zo mana. Irin wannan yaron ina jin daɗinsa.

Amma haddace su ba wuya, minti biyar ne. Abin da nake so ka yi shi ne ka ɗauki kowace ɗaya ka nemo mata wuri a rayuwarka. Ɗauki ƙarfin hali. Yara suna jin kalmar sai su tuna shahidai da wuta da takobi, alhali mafi yawanmu inda za a gwada mu ƙarami ne, kai kaɗai ne Katolika a ɗakin kwananku na makaranta an kawo abinci za ka yi alamar gicciye ko za ka wayance kamar kana sosa goshi, an shigo da satar amsa ɗakin jarrabawa kowa ya karɓa an miƙo maka, oga ya ce ka ƙara sifili ɗaya a rasit. Kuma akwai wanda ya fi waɗannan nauyi a inda muke zaune, ranar da gari ya ɗau zafi samarin unguwa suka ce a fita a rama, kai ka ce ba za ka ɗaga wa maƙwabcinka hannu ba, har ma ka buɗe masa ƙofa. Wanda ya taɓa ganin irin wannan ranar ya san wanne ya fi wuya tsakanin bin ayari da tsayawa. Tsoron Allah kuwa ba sai na yi wa Bahaushe dogon bayani ba, mu da maƙwabtanmu Musulmi duk kalma ɗaya muke faɗa in mun ga mai awo ya cika mudu ba kowa na kallonsa. Shawara ita ce ka san abin yi a lokacin da babu wanda za ka tambaya. Sauran ka zo aji mu yi.

Mai tsaya maka

Nan ma ana kwamacala. Mutane sun mai da shi neman ubangida, a duba wa ke da mota, wa zai ɗinka wa yaro kaya, wa zai iya sama masa aiki gaba. Sai a ɗauko wani babban mutum daga Abuja da bai san sunan yaron ba, ya zo a makare ya ɗora hannu a kafaɗa a yi hoto, shi ke nan ba a sake ganinsa.

Ga abin da doka ta ce. Ya zama Katolika, ya kai shekara 16, shi kansa ya karɓi Ƙarfafawa yana kuma karɓar Yukarist, rayuwarsa ta dace da aikin, in yana da aure to auren coci ne. Baba ko mama ba za su tsaya wa ɗansu ba, amma yaya ko kawu ko gwaggo ko kaka duk ya halatta. Mutum ɗaya ya isa. Abin da Ikklisiya ta fi so ma shi ne wanda ya tsaya maka ranar baftisma shi ya sake tsayawa, don a ga abin a haɗe yake, in yana raye kuma yana kusa fara da shi, ko ba komai zai ji daɗi an tuna da shi. Al'adar wurare da yawa namiji ya tsaya wa namiji mace ta tsaya wa mace, dokar Roma ba ta wajabta haka ba amma in haka ake yi a farish ɗinku bi kawai, ba abin jayayya ba ne.

Ni gwajin da nake ba yara guda ɗaya ne. Wa za ka iya zuwa wurinsa da dare ka ce na yi ɓarna, ya saurare ka, ya yi maka faɗa, ya kuma raka ka wurin Fada? To shi ne. Ko da mai sayar da ƙosai ce.

Kuma ku gaya masa da wuri ya kawo nasa katin. Ba na son abin da ke faruwa ranar, yaro ya waiga ba kowa a bayansa sai a jawo katikis ko shugabar Zumuntar Mata, mutum ɗaya ya tsaya wa yara ashirin, gobe ka tambaye shi sunan uku ba zai iya ba.

Suna

Zaɓar sabon suna al'ada ce mai kyau amma ba dole ba ce, kana iya riƙe sunan baftismarka. In za ka zaɓa to na waliyyi ne, kuma ka san labarinsa, zan tambaye ka. Ba sunan ɗan ƙwallo ba, an taɓa kawo min, na ce ya je ya dawo.

Kuma ba sai an tsallaka teku ba. Akwai Josephine Bakhita, 'yar Darfur a Sudan, an sace ta tana ƙarama aka yi ta sayar da ita baiwa daga hannu zuwa hannu, ta ƙare sista a Italiya ta rasu a 1947, aka ayyana ta waliyyiya a 2000. A zamanin nan da satar mutane ta zama ruwan dare ban ga sunan da ya fi dacewa 'yanmatanmu su ɗauka ba. Akwai Charles Lwanga da Kizito, shahidan Uganda da aka ƙona a Namugongo a 1886, Kizito shi ne ƙaraminsu, wajen shekara 14, sa'an yaran da ke ajina. Akwai Monika da ɗanta Agustin daga ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, iyaye mata masu kuka a kan ɗa mai taurin kai sun san ta. Akwai namu na gida, Fada Cyprian Michael Tansi, wanda Fafaroma John Paul na 2 ya ayyana mai albarka a 1998 lokacin da ya zo Najeriya. Wanda ka zaɓa ka rubuta shi da manyan baƙaƙe a katin da za a ba ka.

Satin ƙarshe

Ka je konfeshan. Wannan ba na ado ba ne, ana karɓar Ƙarfafawa ne mutum yana cikin alheri, ba da babban zunubi a wuya ba. Kada ka bari sai daren Asabar layi ya kai bakin get Fada ya gaji. Mai tsaya maka ma ya je. In an shirya ranar ja da baya don addu'a, da gwajin yadda za a jera, ka halarta, a nan ne ake nuna maka inda za ka zauna da ta inda za ka fita.

Kaya kuwa abin da farish ya ce, wasu fari, wasu fari da ɗan ja, wasu anko. Ina roƙon kwamitoci ku ji tausayin mutane da ankon nan, na san gidan da aka janye yara biyu saboda kuɗin yadi da ɗinki, kuma ba su faɗa ba sai daga baya muka ji. Sakramenti ba na sayarwa ba ne. Akwai ɗan abin da ake bayarwa na kati da hidima, amma doka lamba 848 ta faɗa ƙarara kada a hana mabukaci sakramenti saboda talauci. In babu, ka je ka gaya wa Fada a keɓe, wankakken kayanka na Lahadi ya wadatar.

Goshi ya zama a buɗe. 'Yanmata a ja ɗankwali baya kaɗan, a rage hoda da su fandeshan, ban da gashin da ke zubowa har gira. Samari a cire hula. Ku karya da wuri domin azumin awa ɗaya kafin karɓar Yukarist yana nan, ruwa da magani ne kawai ba sa karya shi, amma fa ku ci wani abu, Mas ɗin bishop yana da tsawo kuma kusan duk shekara sai wani ya yanke jiki ya faɗi don yunwa da zafi.

Ranar

Mas zai fara kamar kullum, sau da yawa da jajayen tufafi, launin Ruhu Mai Tsarki. Bayan an karanta Bishara za a gabatar da ku ga bishop, a kira suna ko a ce ku miƙe gaba ɗaya in kuna da yawa. Sai wa'azi. Sai ya tambaye ku ko kun ƙi Shaiɗan da ayyukansa, ko kun ba da gaskiya ga Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Ku amsa da ƙarfi don Allah, wannan ne wurin da iyayenku suka amsa muku kuna cikin zani, yau bakinku ne.

Daga nan bishop da firistocin da ke tare da shi za su miƙa hannuwa a kanku duka, ya yi addu'ar da ke ambaton baye-bayen nan bakwai ɗaya bayan ɗaya. A nan masu hoto su dakata, 'yan kwaya su yi shiru.

Sai layi. Za ka je gaban bishop, mai tsaya maka yana bayanka ya ɗora hannunsa na dama a kafaɗarka, a faɗi sunanka ko a nuna katin. Bishop zai tsoma babban yatsansa na dama a cikin man Kirisma ya zana gicciye a goshinka, ya kira sunanka ya ce ka karɓi hatimin baiwar Ruhu Mai Tsarki. Kai ka ce Amin. Sai ya yi maka sallamar salama ka amsa yadda ake amsawa a Mas. Shi ke nan, bai kai rabin minti ba. Waɗannan kalmomin Fafaroma Paul na 6 ne ya tsayar da su a 1971, kuma daga tsohuwar al'adar Gabas ya ɗauko su.

Batun mari. Duk shekara manyan yara sai sun tsorata ƙanana wai bishop zai kwaɗa maka mari har ka ga wuta. A tsohon tsari akwai ɗan taɓa kumatu, ana fassara shi da cewa ka shirya shan wuya saboda bangaskiya, kakanninmu sun same shi, amma tun tsarin 1971 ba ya cikin littafin. Wani bishop ɗin zai ɗan taɓa ka a kumatu, wani ya ba ka hannu, ba wanda zai mare ka.

Man nan ka shaƙi ƙanshinsa da kyau. Man zaitun ne aka haɗa da turaren balsam, bishop ne kaɗai ke keɓe shi, sau ɗaya a shekara a Mas na musamman a Mako Mai Tsarki, asali safiyar Alhamis amma dayosis da yawa suna matso da shi farkon mako don firistocin nesa su samu zuwa su koma, a wurin har hura numfashi yake yi a bakin tulun. Da shi ake shafa kan jariri bayan baftisma, da shi ake shafa tafin hannun sabon firist, da kan sabon bishop, da bagadin sabuwar coci. Kalmar Almasihu da muke faɗa kullum ma'anarta ke nan, shafaffe, Kristi kuma ita ce dai da Girkanci, kamar yadda Sama'ila ya zuba wa Dawuda mai yana saurayi mai kiwon tumaki. Don haka kada ka koma benci ka sa hankici ka goge a take, in ba a zo da auduga an share muku ba bar shi ya bushe da kansa.

Akwai tambayar da yara ke yi min a ɓoye, malam in ban ji komai ba fa, in ban faɗi ba, in ban yi wani harshe ba, ya shiga kuwa? Ya shiga. Wasu suna kuka, wasu suna jin sanyi a rai, da yawa kuma ba abin da suke ji sai takalmi da ke matse su. Sakramentin bai rataya a kan abin da jikinka ya ji ba, hatimi ne da ba ya gogewa, shi ya sa ma sau ɗaya ake yin sa a rayuwa, ko mutum ya bar coci shekara talatin ya dawo konfeshan zai je ba sabon layi ba.

Bayan an watse

A ci shinkafa a yi hoto, ba laifi. Amma Lahadi mai zuwa ina duba benci, kuma abin da nake gani ba ya min daɗi, yara sun ɗauka sun yi digiri a coci an sallame su. Kafin ranar ma nake so kowa ya gaya min inda zai shiga, kwaya ce, hidimar bagadi, karatu a Mas, Rundunar Maryamu, ƙungiyar matasa, masu ziyarar marasa lafiya, ko ka dawo ka taya ni da ajin ƙanana, hannu bai ishe ni ba.

Abu ɗaya da mutane ba su sani ba kuma ya kamata kowane gida ya sani: in wani na bakin mutuwa bai karɓi Ƙarfafawa ba, kowane firist yana da ikon ba shi, ko da jariri ne da aka yi wa baftisma jiya. In kun kira Fada asibiti ko gida ku gaya masa tun a waya don ya taho da man Kirisma, domin daban yake da man marasa lafiya.

Sai katinka. Kada ka bar shi a ofis ka ce ka karɓa wata rana. Ka koma cikin satin ka tabbatar an cike gurbin Ƙarfafawa, kwanan wata da wuri da sunan bishop, an buga hatimi. In ba a farish ɗin da aka yi maka baftisma ka karɓa ba, doka ta ce a aika musu su rubuta a gefen sunanka a rajista, amma takarda tana ɓata a hanya, don haka in ka je gida Kirsimeti ka ɗauki katin ka kai musu da kanka su shigar. Ranar da za ka yi aure ko za ka shiga seminari ko za ka tsaya wa wani, can za a aika a tambaya. Ka ɗauke shi hoto gaba da baya da waya, ka tura wa mai tsaya maka kwafi ɗaya, asalin kuma a sa a leda kafin a mai da shi akwatin mama.